Tashar nukiliya a kan teku: me ake nufi da ita, kuma ina ta shafi mai biyan kuɗin wuta a Legas?

Duk wanda ya saba zama a majalisun 'yan Arewa da ke Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba ya san ba a yin nisa da hira sai maganar wuta ta shigo: ko an ɗauke, ko an kawo ba ƙarfi, ko kuma bil ya zo da adadin da ba a san daga inda aka samo shi ba. A 'yan shekarun nan wata sabuwar magana ta fara kutsowa cikin wannan hira, ita ce ta tashoshin nukiliya da ake ɗorawa a kan jirgin ruwa, a jawo su zuwa gaɓar ƙasar da ke bukata, a jona mata waya. Akwai abubuwan da suka ƙara wa maganar ƙarfi. A watan Nuwamba na 2024, a taron sauyin yanayi da aka yi a Baku, Najeriya ta shiga sahun ƙasashen da suka yi alkawarin ninka wutar nukiliya ta duniya sau uku kafin 2050. A watan da ya biyo baya Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a dokar lantarki ta Jihar Legas, wadda ta ba jihar ikon tsara kasuwar wutarta. Sai kuma a watan Yuni na 2025 Bankin Duniya ya janye haramcin da ya daɗe da sa wa kansa na zuba kuɗi a ayyukan nukiliya.

Da yake kalmar nukiliya a kunnen mafi yawan mutane bam take nufi, sai fahimtar ta rabu biyu. Wasu na jin kamar za a ajiye makami a bakin Apapa, wasu kuma na ganin an kusa rabuwa da janareto. Duka fahimtocin sun wuce gona da iri, kuma ba za a gane dalili ba sai an fara warware kalmomin.

Ma'anar kalmomin

Tashar nukiliya, idan aka cire mata kwarjinin sunanta, tukunyar dafa ruwa ce. A tashar Egbin da ke kusa da Ikorodu, iskar gas ake ƙonawa ta tafasa ruwa, tururin ya juya farfelar inji, injin ya ba da lantarki. A tashar nukiliya ma haka abin yake, sai dai zafin yana fitowa ne daga tsagewar ƙwayoyin zarra na wani ma'adini mai suna yuraniyom, a cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai kauri. Ƙwaya ɗaya in ta tsage sai ta saki zafi, ta kuma harba ɓarɓashin da ke tsaga na kusa da ita, ana kuwa sarrafa saurin wannan aiki da wasu sanduna da ake turawa ciki ko a zaro su.

Yuraniyom ɗin da ake haƙowa daga ƙasa, kashi 0.7 cikin 100 ne kawai nasa ke da irin ƙwayar da ke tsagewa cikin sauƙi. Ana tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5 domin yawancin tashoshin lantarki, wasu ƙananan tukwane na amfani da wanda ya kusa kashi 20, na bam kuwa yakan kai wajen kashi 90. Don haka tukunyar lantarki ba ta yin irin fashewar bam. Haɗarinta na daban ne: ko bayan an kashe ta, man da ke cikinta yana ci gaba da fitar da zafi, kuma idan ruwan da ke sanyaya shi ya yanke, zai iya narkewa ya saki burbushi mai guba wanda ido ba ya gani. Wannan batu na ruwan sanyaya shi ne ginshiƙin duk muhawarar da za ta biyo baya.

Idan aka ce tasha a kan teku, ba abu guda ake nufi ba. Akwai wadda ake ɗorawa a kan faffaɗan jirgi marar injin tafiya, a ja shi a ɗaure a bakin gaɓa cikin katangar da ke tare igiyar ruwa. Akwai wadda ake son girkewa can nesa da gaɓa a ruwa mai zurfi, kamar dandamalin haƙar mai, wutar ta taho ta wayar ƙarƙashin ruwa. Masana a jami'ar MIT ta Amurka sun gabatar da irin wannan tsari a 2014. Wani kamfanin jiragen yaƙi na Faransa ma ya taɓa kawo shawarar nutsar da tashar gaba ɗaya a ƙasan teku. Daga cikin ukun, na farko ne kaɗai aka taɓa ginawa.

Tunanin ba sabo ba ne

Tun a shekarun 1950 ake tafiyar da jiragen ruwa da nukiliya. Amurka ta ƙaddamar da jirgin ƙarƙashin teku mai suna Nautilus a 1954, Tarayyar Sobiyat kuma ta fara aiki da jirgin fasa ƙanƙara mai suna Lenin a 1959. Tashar lantarki ta farko a kan ruwa ita ce Sturgis, wani tsohon jirgin dakon kaya da sojojin Amurka suka sa wa tukunya mai megawat 10, ya ba yankin mashigin Panama wuta daga 1968 zuwa tsakiyar shekarun 1970. A wancan lokacin ne kamfanonin Westinghouse da Tenneco suka fara gina masana'anta a Jacksonville ta jihar Florida da niyyar ƙera manyan tashoshi masu iyo, har wani kamfanin lantarki ya yi odar waɗanda za a girke a gaɓar New Jersey. Rikicin man fetur na 1973 ya rage bukatar wuta, kuɗin aikin ya yi ta hawa, aka soke odar a 1978 ba tare da an gama ko ɗaya ba.

A yau tasha ɗaya ce tak irin wannan ke aiki a duniya, ita ce Akademik Lomonosov ta ƙasar Rasha, mallakar kamfanin gwamnati na Rosatom. Tsawonta mita 144, tana ɗauke da tukwane biyu irin na jiragen fasa ƙanƙara, kowace na ba da megawat 35. An fara gininta a 2007, aka jawo ta daga Murmansk a 2019 zuwa Pevek, wani ɗan gari a can ƙuryar arewa maso gabashin Rasha da mutanensa ba su kai 5,000 ba, ta kuma fara cikakken aiki a watan Mayu na 2020. Yana da kyau mai karatu ya riƙe lambobi biyu a nan. Na farko, shekara 13 aikin ya ci. Na biyu, ƙarfinta duka megawat 70 ne, alhali an gina Egbin don ta ba da 1,320. Ke nan sai an jera irin wannan jirgi kusan 19 kafin a kamo Egbin ɗaya.

Rasha na ƙera wasu sabbi masu ƙarfi fiye da wannan domin wata mahaƙar tagulla a yankin Chukotka, tana kuma tallata samfurin megawat 100 ga ƙasashen waje. Kamfanoni a Sin da Koriya ta Kudu da Denmak da Ingila suna da nasu zane-zanen, kuma hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta kira taro na musamman a kan batun a Vienna a watan Nuwamba na 2023. Amma yawancin waɗannan har yanzu a takarda suke.

Hujjojin masu goyon baya

Babbar hujjarsu ita ce hanyar gini. Manyan tashoshin nukiliya na tudu sun yi ƙaurin suna wajen cin lokaci da kuɗi: tukwane biyu na Vogtle a jihar Georgia ta Amurka sun makara da kimanin shekara 7, kuɗinsu ya haura dala biliyan 30. Masu wannan ra'ayi na cewa matsalar ita ce kowace tasha ana gina ta ne kamar ba a taɓa yin irinta ba, a sabon fili, da sabbin ma'aikata. Idan kuwa a masana'antar ƙera jirage ake yi, inda ma'aikata ɗaya za su maimaita samfuri ɗaya sau goma ko ashirin, hannu zai faɗa, farashi ya sauka. Legas ta ga misalin wannan salo a harkar mai: katafaren jirgin haƙar mai na Egina a Koriya ta Kudu aka ƙera shi, aka jawo shi Legas aka ƙarasa haɗa shi a 2018, sannan aka wuce da shi inda zai yi aiki.

Hujja ta biyu ita ce ruwa. Abin da ya faru a Fukushima ta Japan a ranar 11 ga Maris na 2011 shi ne, girgizar ƙasa ta kashe tukwanen kamar yadda aka tsara, sai igiyar tsunami ta shanye janaretocin da ke tura ruwan sanyaya, man ya yi zafi ya narke. Masu zanen tashoshin teku na cewa idan tukunyar na ƙasa da saman ruwa, teku da kanta za ta riƙa ɗauke zafin ko babu famfo ko lantarki, kuma a ruwa mai zurfi tsunami kan wuce ƙarƙashin jirgi ba tare da ya ji ta sosai ba. Wannan hujja ta fi dacewa da tashar da ke nesa da gaɓa. Wadda aka ɗaure a bakin ruwa, irin ta Pevek, katangar da aka yi mata ce kariyarta.

Sai maganar fili, wadda mutumin Legas ba ya bukatar a yi masa bayaninta. Babu tashin unguwa, babu rikicin diyya. Sannan nukiliya ba ta fitar da hayaƙi: ƙididdigar kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna kowane yunit na wutar nukiliya na haifar da kimanin giram 12 na iskar da ke ɗumama duniya, na gas kusan 490, na kwal kuwa sama da 800. Tana aiki dare da rana, damina da rani, kuma ragowar zafinta na iya tace ruwan gishiri ya zama na sha. Masu goyon baya kan kafa misali da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda ta ba Koriya ta Kudu kwangila a 2009, yanzu kuma tashar Barakah ke ba ta kusan rubu'in wutar da take sha.

Hujjojin masu adawa

Lokacin da ake jan Akademik Lomonosov zuwa Pevek, ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta kira ta Chernobyl mai iyo, tana tuna wa mutane haɗarin da ya auku a Yukiren a 1986. Rosatom ya musanta kwatancin, kuma gaskiya ne cewa irin tukunyar da girmanta sun sha bamban. Sai dai akwai ƙashin gaskiya a damuwar. Ruwan da ke sanyaya tukunya shi ne kuma zai kwashe duk abin da ya tsiyaya daga cikinta, teku kuwa ba a yi mata shinge. A gaɓar Afirka ta Yamma ruwan yana gangarawa ne daga yamma zuwa gabas, don haka abin da ya zuba a gaban Legas zai nufi gaɓar Ondo da Neja Delta, abin da ya zuba a Tema ta Gana ko Kwatano kuma Badagry zai fara isa. Ma'ana, ko Najeriya ba ta sayi irin wannan tasha ba, shawarar maƙwabtanta ta shafe ta. Ko ba haɗari ma, kusan kashi biyu cikin uku na zafin tukunya ruwa yake komawa, ruwan ɗumi kuwa yana sauya zaman kifi, abin da zai shafi masunta a Epe da Makoko da masu sayen kifinsu.

Tsaro ma babban batu ne. A 2020 an sace ma'aikatan jirgin ruwa 130 a mashigin tekun Gini, wato kusan kashi 95 cikin 100 na duk waɗanda aka sace a tekunan duniya a shekarar. Abin ya ragu ƙwarai bayan dokar yaƙi da fashin teku ta 2019 da shirin tsaron teku na Deep Blue da hukumar NIMASA mai kula da sufurin teku ta ƙaddamar a 2021. Amma tarihi ya nuna nisa daga gaɓa ba kariya ba ce: a 2008 'yan bindigar ƙungiyar MEND ta Neja Delta sun kai hari jirgin haƙar mai na Bonga mai tazarar kilomita 120 daga gaɓa, a 2009 kuma suka kai wa ma'ajiyar mai ta Atlas Cove hari a nan Legas.

Game da dattin nukiliya, wato man da ya gama aiki wanda gubarsa ke ɗaukar dubban shekaru, masu sayar da tashoshin na alkawarin komawa da shi gida. Wannan ya rage wa ƙasar da ta karɓi jirgi nauyi, amma yana nufin za a riƙa ratsa ruwan ƙasashe da dama da kaya mai haɗari. Najeriya tana da dalilin yin kaffa-kaffa. A 1988 aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko da ke Jihar Delta ta yanzu, irin abin da ya sa ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Bamako ta 1991 da ta hana shigo da datti mai guba nahiyar, har da na nukiliya. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Wa ke da hurumin ba da izini?

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Gyaran tsarin mulki da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023, da dokar lantarki da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yuni na shekarar, sun ba jihohi damar samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu. Amma makamashin nukiliya da zirga-zirgar jiragen teku suna cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka. Legas na iya ba da lasisin sayar da wutar. Izinin tukunyar kuwa yana hannun hukumar NNRA mai sa ido kan harkokin nukiliya, wadda aka kafa da dokar 1995 ta fara aiki a 2001. Hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, NAEC, wadda aka kafa a 1976, ita ke tsara shirin gina tasha, kuma wuraren da aka ware su ne Geregu a Jihar Kogi da Itu a Jihar Akwa Ibom, duka a tudu. An sa hannu a yarjejeniya da Rosatom a 2017, ba a kai ga fara gini ba.

Tukunyar nukiliya ɗaya ce a Najeriya, tana Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ta bincike ce, ƙarfinta kilowat 30, tana aiki tun 2004, kuma a 2018 aka sauya mata mai zuwa wanda ba a tace sosai ba, aka mayar da tsohon ƙasar Sin. Ƙwarewa ce ta gaske, amma akwai tazara mai nisa tsakanin sa ido kan wannan da sa ido kan tashar da ta ninka ta sau dubbai. A matakin duniya ma dokokin ba su kammala ba. Ƙa'idojin hukumar sufurin teku ta duniya kan jiragen kasuwanci masu amfani da nukiliya na 1981 ne, yarjejeniyar Brussels ta 1962 kan wanda zai biya diyya idan irin wannan jirgi ya yi ɓarna kuwa ba ta taɓa fara aiki ba. Tambayar ko tasha mai iyo jirgi ce ko masana'anta ba wasa ba ce, domin amsarta ce ke nuna kotun da masunci zai kai ƙara.

Wanda ke da jirgin shi ke riƙe da makunni

Legas ta taɓa shan wutar da aka samar a kan ruwa. A 1999, lokacin Tinubu yana gwamna, jihar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Enron na Amurka, aka girke jirage tara masu injinan gas kusa da Egbin, masu ba da kimanin megawat 270, daga baya kamfanin AES ya karɓi aikin. Injinan sun yi aiki, amma da yake dokar lokacin ba ta bar jiha ta rarraba wuta ba, sai wutar ta shiga layin NEPA, aka shafe shekaru ana taƙaddama tsakanin jiha da tarayya kan wanda zai biya. Ba a kan fasaha gizo ya yi saƙar ba.

Misalin da ya fi kusa shi ne na kamfanin Karpowership na Turkiyya, mai jiragen lantarki da ke ƙona mai ko gas. Gana ta fara amfani da su a 2015 lokacin da ƙarancin wuta ya addabe ta, kuma sun taimaka. Amma a watan Satumba na 2023 kamfanin ya katse wa birnin Freetown na Saliyo wuta saboda bashi, a watan Oktoba kuma ya yi wa Bissau haka. Tashar da aka gina a tudu, ko an yi rigima da mai ita, tana nan inda take. Wadda ke kan ruwa kuwa ana iya kashe ta, a kwance ta, a ja ta zuwa wata ƙasa. A tsarin nukiliya dogaron ya fi haka zurfi, domin yadda ake tallata abin shi ne mai jirgin ne zai kawo ma'aikata, shi zai zuba mai, shi zai ja jirgin gida idan lokacin babban gyara ya yi. Rasha ce ke da wajen kashi 40 cikin 100 na injinan tace yuraniyom na duniya. Masu goyon baya na ganin wannan sauƙi ne ga ƙasar da ba ta da kuɗin gini ko ƙwararru. Masu adawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Irin waɗannan kwangiloli da dala ake yin su, kuma galibi bisa sharaɗin ko an sha wutar ko ba a sha ba sai an biya, kamar yadda yarjejeniyar tashar Azura ta Jihar Edo take. Mai shan wutar kuwa naira yake biya. Kafin Yuni na 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500. Duk kwangilar shekara 20 ko 40 da aka ƙulla da dala, wani ne zai ɗauki wannan giɓi, ko gwamnati ta hanyar tallafi, ko mai mita ta hanyar ƙarin farashi. Alkawarin arha ma bai tabbata ba tukuna. Aikin ƙananan tukwane da aka fi sa wa rai a Amurka, na kamfanin NuScale, an soke shi a Nuwamba na 2023 bayan da ƙiyasin farashin wutarsa ya tashi daga dala 58 zuwa 89 kan kowane yunit 1,000, garuruwan da suka yi niyyar saye suka fara janyewa.

Ina ainihin ƙullin yake?

Tashoshin da ke haɗe da babban layin lantarki na Najeriya an gina su ne don ba da kimanin megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a yawanci tsakanin 4,000 ne da 5,000, kuma bai taɓa kai 6,000 ba. Ke nan fiye da rabin injinan da ake da su ba sa aiki yadda ya kamata, ko don ba gas, ko don rashin gyara, ko don wayoyin ba za su iya ɗauka ba. A farkon 2025 kamfanonin samar da wuta sun ce bashin da suke bi ya kai wajen naira tiriliyan 4, su ma masu ba su gas na bin su, kusan rabin masu shan wuta kuma ba su da mita. A 2024 babban layin ya durƙushe kusan sau 12.

Tukunyar nukiliya ba ta son irin wannan layi. Tana bukatar inda za ta zuba wutarta ba yankewa, tana kuma bukatar wuta daga waje domin famfunanta idan an kashe ta. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce kada inji ɗaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layin ƙasa baki ɗaya, don kada faɗuwarsa ta kayar da sauran. Bisa wannan, tukunya mai megawat 1,200, irin guda huɗu da Rasha ke gina wa Masar a El Dabaa, ta fi ƙarfin layinmu na yanzu. A wannan gaɓa ƙananan tashoshi masu iyo suna da hujja mai ƙarfi, domin megawat 70 ko 100 zai shiga ba tare da ya girgiza layin ba, ko ma a haɗa shi kai tsaye da unguwar masana'antu kamar ta Lekki, inda tashar jiragen ruwa mai zurfi ta fara aiki a 2023. Matatar Dangote da ke can ta riga ta bi wannan hanya da gas: tashar wutarta ta gina, ba ta jira layin ƙasa ba.

Idan aka kwatanta da sauran hanyoyi, Najeriya na da iskar gas da ta haura kubik fit tiriliyan 200 a ƙasa, kuma gas ke ba da mafi yawan wutar da ake sha. Ruwa na ba da ragowar daga Kainji da Jebba da Shiroro da sabuwar Zungeru mai megawat 700, aikin Mambila kuwa ya daɗe a tsaye. Farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, shi ya sa ake ganin su a rufin shaguna da masallatai ba tare da an jira wata hukuma ba, ko da yake batir na da tsada kuma sola ba ta iya riƙe masana'antar narka ƙarfe cikin dare. Masu ra'ayin nukiliya ba sa musun cewa gas da sola sun fi sauri. Abin da suke cewa shi ne Najeriya da ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 cewa kafin 2060 za ta daina ƙara wa duniya iskar da ke ɗumama ta, kuma jama'arta na ƙaruwa, dole ta tanadi abin da zai gaji gas tun yanzu.

Yuraniyom na Nijar

Sau da yawa akan ji ana cewa tun da ma'adinin yana Arlit, man nukiliya a ƙofar gida yake. Gaskiya ne an shafe fiye da shekara 50 ana haƙar yuraniyom a arewacin Nijar, kuma gwamnatin sojan ƙasar ta ƙwace lasisin mahaƙar Imouraren daga kamfanin Orano na Faransa a 2024, ta mayar da mahaƙar Somair ta ƙasa a 2025. Amma abin da ke fita daga Arlit gari ne rawaya wanda ba ya shiga tukunya. Sai an kai shi waje an sauya shi, an tace, an dunƙule shi cikin sanduna, kuma manyan masana'antun da ke wannan aiki suna Rasha da Turai da Sin da Amurka.

Abin da zai iya shafar talaka

Ga mai walda a Agege, da tela a Obalende, da mai injin markaɗe ko mai sayar da ƙanƙara a Mile 12, tambaya biyu ce: awa nawa, kuma nawa yunit. Tun daga Afrilu na 2024, lokacin da hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta ɗaga farashin rukunin da ake kira Band A daga kimanin naira 68 zuwa 225 bisa alkawarin awa 20 a rana, an ga yadda tsarin ke tafiya: wutar da ta fi tabbas tana bin layukan da suka fi iya biya. Wuta mai tsada da aka ƙulla da dala, alamu sun fi nuna masana'antu da cibiyoyin adana bayanan kwamfuta da manyan unguwanni ne za su fara sha. Mai ƙaramar sana'a zai iya amfana a kaikaice, idan janyewar manyan masu sha daga layin ƙasa ta bar masa ƙarin awoyi. Zai kuma iya cutuwa, idan tafiyar masu biya da yawa ta bar kamfanonin rarraba wuta na Ikeja da Eko da ƙarancin kuɗin gyaran taransifoma. Ruwan sha da za a tace daga teku ma sai da bututun da zai kai shi gidaje, kuma rashin wannan bututu ne ya sa har yau 'yan garuwa ke da kasuwa a birnin da ruwa ya kewaye.

Ga iyalan da aka baro a gida, lissafin ya fi tsawo. Wutar da aka samar a bakin teku sai ta bi manyan wayoyi na ɗaruruwan kilomita kafin ta isa Kaduna ko Kano ko Sakkwato. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe kwanaki cikin duhu, ba don tashoshi sun tsaya ba, sai don layin Shiroro zuwa Kaduna da aka lalata ba a gyara ba, sannan layin da ke bi ta Makurɗi shi ma ya faɗi. Ko da akwai jirgi a gaɓar Legas, da bai sauya komai ba a wancan lokaci.

Ta fuskar aikin yi, tashar da aka ƙera a Koriya ko Rasha ba za ta ɗauki dubban leburori da magina kamar ta tudu ba. Guraben da za su samu na injiniyoyi ne da masu sa ido da jami'an tsaron ruwa, irin waɗanda cibiyoyin binciken makamashi na Zariya da Ile-Ife ke horarwa.

Sai lokaci. Hukumar IAEA ta ƙiyasta cewa ƙasar da ba ta taɓa mallakar tashar nukiliya ba tana bukatar shekara 10 zuwa 15 daga ranar da ta yanke shawara zuwa ranar da wutar farko za ta fito, domin kafa dokoki, horar da masu sa ido, tantance wuri, da shirya yadda za a kwashe jama'a idan an samu haɗari, wanda a birni mai cunkoson Legas aiki ne mai zaman kansa. Masar ta ƙulla yarjejeniya da Rasha a 2015, ba a zuba kankaren farko ba sai 2022. Zuwan tashar a shirye a kan ruwa na iya rage shekarun gini, amma ba ya rage na doka da horo. Ko da yau aka sa hannu, yaron da aka kai aji ɗaya na firamare bana a Agege zai iya kammala sakandare kafin yunit na farko ya shiga mitar gidansu.